Bikin kaka a ƙananan garuruwan Amurka: kiɗan bulugiras, abinci da shingen giya

Yaushe ake yin bikin, kuma a ina?

Daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin girbin tuffa da kabewa. Ƙananan garuruwa a jihohin Kentoki, Bajiniya, Tenesi da Karolina ta Arewa kan rufe babban titi ko su buɗe fili na kwana ɗaya zuwa uku. Akwai manya kuma, irin Hardly Strictly Bluegrass da ake yi kyauta a San Faransisko farkon Oktoba tun 2001.

Mene ne bulugiras ɗin?

Kiɗan tsirkiya ne zalla, babu ganga ko ɗaya. Sunan ya fito daga ƙungiyar Bill Monroe, ɗan Kentoki, mai suna Blue Grass Boys. Salon ya tsaya da ƙafarsa a 1945, da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar yana kaɗa banjo da yatsu uku. Kayan kiɗan biyar ne: banjo mai tsirkiya biyar, mandolin mai takwas bibbiyu, jita, gogen Turawa, da ƙaton goge na tsaye mai kaurin murya. Shi ƙaton yake dasa bugu, mandolin ya sare tsakani, su biyun ne ke aikin ganga. Bahaushe da ya ji banjo zai tuna gurmi, kuma bai yi kuskure ba: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro banjo, da ƙwarya da fata, kafin a koma katako da ƙarfe.

Me ke ɓata kiɗan a fili?

Sanyin yamma. Da rana ta faɗi, tsirkiya da katako kan motsa, sauti ya karkace, sai an riƙa gyara tsakanin waƙa da waƙa. Mandolin ya fi wahala, don in ɗaya cikin tagwayen tsirkiya ta kauce kaɗan, kunne na kamawa nan take.

Sai makirfo. Ƙungiyoyi masu bin tsohon salo suna kewaye makirfo ɗaya, wanda zai yi kiɗa ko waƙa shi kaɗai ya matso, sauran su ja baya. Abin sha'awa ne, amma irin wannan makirfo yana ɗaukar komai. In aka sa lasifika a bayansa sai ta yi ƙara, in janaretan masu abinci yana kusa sai gurnaninsa ya shiga. Shi ya sa ake tura lasifika gaban dandamali, a kai janareta can nesa.

Ita giyar fa, yaya ake tsara ta?

Ta ƙananan masana'antu ce masu zaman kansu. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, don haka ana duba katin shaida a ɗaura wa mai saye zare a wuyan hannu, kuma a wurare da yawa ana killace rumfar giyar da shinge. Ana ajiye tulun ƙarfen da giyar ke ciki a wajen digiri 3 na Salshiyas; in ya ɗumama, kumfa kawai ke fita.

Musulmi zai samu abin ci?

Zai samu, amma da tambaya. Gasasshen naman Karolina kusan duk na alade ne, kuma sau da yawa da shi ake dafa wake da ganye. Ruwan tuffa iri biyu ne, na zaƙi da wanda ya zama barasa, a tambaya kafin a sha. Gugguru, gasasshiyar masara da dafaffiyar tuffa da ake tuƙawa yini guda a tukunyar jan ƙarfe ba su da matsala, sai dai a bincika man da aka yi suya da shi. Ƙa'idar masu duba tsabta ita ce abinci mai zafi ya zauna a digiri 57 ko sama, mai sanyi a 5 ko ƙasa. Wanda ya wuce awa huɗu tsakanin nan, zubar da shi ake yi.