Iyakar juyin injin motar tseren kart

Iyakar juyi ita ce adadi mafi yawa na juyawar karanshaf (sandar da fistin ke juyawa a cikin inji) a minti ɗaya da inji zai iya ɗauka ba tare da wani sashe nasa ya karye ba. Batun yana da muhimmanci a tseren kart, wato ƙananan motocin tsere marasa rufi waɗanda Art Ingels ya ƙera ta farkonsu a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1956, domin da yawa daga cikin injinan da masu tsere ke yi wa gyara ba don tsere aka yi su ba tun asali.

Misali mafi shahara shi ne Honda GX200 da ire-irensa kamar Predator 212, injina masu bugu huɗu, dangin waɗanda ake sa wa ƙananan janareta da injin ban-ruwa. Kamfani yana haɗa su da na'urar da ake kira gwamna, mai riƙe juyi a wajen 3,600 a minti ɗaya. Idan aka cire gwamna, abin da ke fara gazawa shi ne sifirin na bawul, wanda tsakanin juyi 5,000 da 5,500 ba ya iya mayar da bawul mazauninsa a kan lokaci, sai ƙarfin inji ya zube. Wannan rauni yana kare inji ta wata fuska, domin yana hana shi wuce gona da iri. Shi ya sa wanda ya sa sifirin mai tauri alhali bai taɓa sauran kayan ba, ya ƙara wa kansa haɗari ne: konrod na asali, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, zubabben alminiyom ne da zai iya tsinkewa ya fasa jikin inji, fulawil kuwa, wato faifai mai nauyi da ke juyawa tare da karanshaf, zubabben ƙarfe ne mai maganaɗisu a maƙale, idan ya tarwatse ɓarɓashinsa na tashi ne dab da haƙarƙarin direba, tunda inji a gefen kujera yake. Masu gyara kan fara da sauya waɗannan biyun da waɗanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyom kafin su nemi ƙarin juyi.

Dalilin haɗarin lissafi ne. Nauyin da fistin ke ɗora wa konrod a duk lokacin da ya tsaya ya juya baya ba ya ƙaruwa daidai da juyi. Idan juyi ya ninka sau biyu, nauyin ninkawa yake sau huɗu. Saboda haka injin da aka kai juyi 7,200 yana wahalar da konrod ninki huɗu na abin da yake sha a 3,600.

Tsawon tafiyar fistin kaɗai ba ya yanke hukunci kan iyakar juyi. GX200 da IAME X30 duka tafiyar fistinsu milimita 54 ce, amma X30, wanda inji ne mai bugu biyu da ba shi da bawul da sifirin irin na mai bugu huɗu, kuma an ƙera shi don tsere, yana kaiwa juyi 16,000. A rukunonin gasa da dama ma ba a bar wa direba zaɓi ba, na'urar ba da wuta ce ke datse juyi: 6,100 a Briggs & Stratton LO206 na manya, 14,000 a rukunin OK-Junior, 16,000 a rukunin OK na CIK-FIA, hukumar tseren kart ta duniya.

Bayan iyakar da ƙarfe zai jure, akwai iyakar da ke da amfani, kuma sau da yawa ita ce ta ƙasa. Kowane inji yana da matakin da ƙarfinsa ke kaiwa ƙololuwa. Na Rotax Max mai cc 125 yana wajen juyi 11,500. Wuce wannan mataki da nisa ƙara da zafi kawai yake ƙarawa. Tun da yawancin kart giya ɗaya gare su, ana daidaita juyi ne da yawan haƙoran faifan sarƙa na baya: ƙarin haƙora na ba da saurin fita daga kwana amma yana ɗaga juyi a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, rage su kuma na saukar da shi. Bakanike yakan duba mafi girman juyin da na'urar awo irin MyChron ta adana bayan kowane zagaye, ya haɗa da zafin kan inji da launin filogi, sannan ya ƙara ko ya rage haƙori ɗaya ko biyu har juyin ƙarshen hanya ya tsaya kaɗan sama da ƙololuwar ƙarfi, ƙasa da abin da konrod da fulawil za su ɗauka.