Yawon ƙafa a Stockholm: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Da ƙafa za a iya zagaya garin?

Tsakiyarsa, ƙwarai kuwa. Babban birnin Suwidin kan tsibirai 14 yake, gadoji sun haɗe su.

Nawa zan canzo in riƙe a hannu?

Kar ka wahalar da kanka. Kati ake amfani da shi, shaguna da yawa ba sa karɓar tsaba, bas ma haka. Kuma kuɗinsu krona ne, ba yuro ba. An faɗa, an sake faɗa.

Me ya sa masu keke ke ta kaɗa min ƙararrawa?

Don ka tsaya musu a hanya ne, malam! Dubi ƙasa, za ka ga hoton keke a zane. Wurin nan ba na ɗaukar hoto ba ne, ka matsa kafin a buge ka.

Zan iya haɗa Gamla Stan, wato tsohon garin, da gidan tarihin jirgin ruwan Vasa a yini ɗaya?

To, ya danganta da wata da kuma ƙarfin gwiwarka. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, lokaci ya wadace ka. A Disamba kuwa kafin 3 na yamma ta faɗi, ga ƙanƙara ta sa duwatsun da aka daɓe lungunan tsohon garin santsi. Ka sa takalmi mai kama ƙasa wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi kafin azahar ya sale maka dunduniya.

Fara da sassafe a dandalin Stortorget, ka gangara lungun Mårten Trotzigs gränd, wanda matsattsen wurinsa santimita 90 ne, mutum biyu sai sun karkace. Dogaran fadar sarki kan yi canjin aiki da 12:15, Lahadi 1:15, amma da hunturu ba kullum ba, ka duba tun da wuri. Daga fada ka haye gadar Strömbron, ka bi bakin ruwa ta Strandvägen har tsibirin Djurgården, tafiyar kamar rabin awa ko sama da haka. Can jirgin yaƙin Vasa yake, wanda ya nutse a fitarsa ta farko a 1628, aka tsamo shi a 1961. Ba shi awa biyu, ya cancanta. In akwai tsoho ko yara a tafiyar, gara a raba kwana biyu. Dawowa kuma kar ka yi taurin kai: hau jirgin ruwa mai lamba 82 zuwa tashar Slussen da ke gefen tsohon garin, tikitin SL (kamfanin sufurin birnin) na minti 75 ya isa.

Ina zan yi salla?

Kwantar da hankalinka. Daga Slussen ka haura titin Götgatan zuwa dandalin Medborgarplatsen, babban masallacin na nan kusa, tsohuwar tashar lantarki ce aka mayar, aka buɗe a 2000. Ka bi jadawalinsu, don a tsakiyar Yuni shafaƙi ba ya ɓacewa har asuba.

Ruwan famfo fa?

Sha. Ka riƙe gora, ka riƙa cikawa.