Tsarin Fayil da Abdet ɗin Kanel a Linux da BSD

Tsarin fayil shi ne ɓangaren babbar manhajar kwamfuta da ke yanke inda kowane fayil zai zauna a kan faifan ajiya, da sunansa da girmansa da wanda ke da izinin buɗe shi. Kanel kuwa shi ne zuciyar manhajar, shi ke tsaye tsakanin kayan ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. A manhajojin buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke iya ganin kodinsu, irin su Linux da 'yan dangin BSD, FreeBSD da OpenBSD, abubuwan nan biyu ba a rabe suke ba, kodin tsarin fayil ɗin a cikin kanel yake zaune, dan haka duk ranar da ka yi abdet ɗin kanel to ka canza mai gadin fayilolinka ne, ko ka sani ko ba ka sani ba. Shi ya sa auna tsarukan fayil irin su ext4 da XFS da Btrfs da ZFS a kan gudu kaɗai ba ya isa, sai an tambaya a ina kodin yake, waye ke kula da shi, kuma in sabon kanel ya zo da tangarɗa akwai hanyar komawa baya ko babu.

Dangin ext da XFS

Lokacin da Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991 aron tsarin fayil na Minix ya yi, wanda ba ya ɗaukar faifan da ya wuce megabait 64, sunan fayil kuma haruffa 14 ne iyaka. Rémy Card ya rubuta ext a 1992, ext2 ya biyo baya a 1993. Matsalar ext2 ita ce in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu sai manhajar fsck ta bi faifan kaf tana duba abin da ya karye, a babban faifai kuwa wannan zama ne na awanni. Maganin shi ne janal, wato wani ɗan littafi da tsarin ke fara rubuta abin da zai yi a ciki kafin ya taɓa ainihin wurin, in an samu katsewa sai a duba littafin kawai. Stephen Tweedie ne ya kawo wannan a ext3, ya shiga kanel 2.4.15 a 2001. Sai ext4 da aka ce ya isa amfani a kanel 2.6.28 a Disambar 2008, fayil ɗaya zai iya kai terabait 16 a saitin da aka saba, kuma har yau shi Debian da Ubuntu, biyu daga cikin nau'ikan Linux da ake kira distro, ke saka wa mutum in bai zaɓi komai ba. Theodore Ts'o ne ya daɗe yana riƙe da shi. Ba shi da wani ƙyale-ƙyale, abin da ke sayar da shi shi ne an daɗe ana dukansa kuma kayan gyaransa sun ƙware.

XFS ya girmi ext3 ma, kamfanin Silicon Graphics ne ya fara shi a 1993 dan manhajarsu ta IRIX, aka kawo shi Linux a 2001. Gwani ne wajen manyan fayiloli da rubutu da yawa a lokaci guda, kamfanin Red Hat ya mai da shi zaɓin farko a distro ɗinsa RHEL tun fitowa ta 7 a 2014. Ana iya ƙara masa girma yana kan aiki amma rage shi kam kusan a ce babu hanya, sai dai ka kwashe kayanka ka sake tsara faifan.

Btrfs da ZFS

Waɗannan biyun tunaninsu daban ne. Ba sa rubutu a kan tsohon bayani, sai su rubuta sabon a wani fili sannan su juya alamar ta koma can, tsohon na nan daram har sai an daina buƙatarsa. Daga nan ne sinafshot ya samo asali, wato ɗaukar hoton halin da faifai ke ciki a daƙiƙa guda ba tare da an kwafi komai ba. Suna kuma ajiye lambar tantancewa ga kowane gutsuren bayani, in faifai ya fara ruɓewa a ɓoye ya canza maka ko da bit ɗaya ne za su gane, in akwai kwafi na biyu su gyara da kansu. ext4 da XFS bayanan tsarinsu kawai suke tantancewa, abin da ke cikin fayil ɗinka ba ruwansu.

Chris Mason ya fara Btrfs a 2007 yana Oracle, ya shiga kanel 2.6.29 a 2009. openSUSE ta rungume shi a 2014, Fedora ta bi a fitowa ta 33 a 2020, ita kuwa Red Hat a RHEL 8 cire shi ta yi gaba ɗaya, kaga kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda har masu shi ke gargaɗi shi ne RAID 5 da 6 ɗinsa, wato hanyoyin rarraba bayanai a faifai da yawa dan in ɗaya ya mutu kar a yi asara, katsewar wuta na iya barin bayanan ba su daidaita ba.

ZFS kuwa a Sun Microsystems aka haife shi, Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara a 2001, aka sake shi cikin OpenSolaris a 2005, bayan Oracle ta saye Sun a 2010 ta rufe nata sai jama'a suka ci gaba da buɗaɗɗen, wanda aka raɗa wa OpenZFS a 2013. A fasaha da wuya a kushe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne lasisi, nasa CDDL ne na Linux kuma GPL, galibin masu kanel na ganin ba sa haɗuwa, dan haka bai taɓa shiga kodin Linux ba, daga waje ake liƙa shi a matsayin modul, wato gutsuren kodi da ake ɗora wa kanel. A FreeBSD ba wannan rigimar, tun fitowa ta 7.0 a 2008 ɗan gida ne.

Yadda abdet ke zuwa

Sabon kanel na Linux na fitowa duk mako tara zuwa goma, makonni biyun farko ana karɓar sababbin abubuwa, sauran kuma gwaji ne da gyara. Bayan nan Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ke fitar da ƙananan gyare-gyare a rassan da suka riga suka fita, kusan kowane mako. A kowace shekara akan ware guda a ce na dogon zango ne, LTS, irin su 5.10 da 5.15 da 6.1 da 6.6 da 6.12. A da akan riƙe wasu har shekara shida, a 2023 aka sanar cewa alƙawarin ya koma shekara biyu saboda masu aikin sun gaji, ko da yake akan ƙara wa wasu wa'adi.

Amma mafi yawan mutane ba daga nan suke ɗauka ba, daga distro ɗinsu suke samu. Debian 12 na kan 6.1, Ubuntu 24.04 ta fito da 6.8, RHEL 9 na ɗauke da lambar 5.14 amma lambar nan yaudara ce, an cusa mata dubban gyare-gyare daga sababbin kanel. Arch da openSUSE Tumbleweed su kuma ba sa jira, abu na fita suke turowa.

Linux na da doka mai tsauri cewa abdet ba zai karya manhajojin masu amfani ba, amma a cikin kanel ɗin kansa ba a yi wa kowa alƙawari ba, suna canza hanyoyin ciki yadda suka ga dama, duk kodin da ke cikin gida a gyara shi tare, wanda ke waje kuwa ya ji da kansa. To nan ne mai ZFS a Linux ke shan wahala. Duk sabon kanel sai DKMS, manhajar da ke kula da modul na waje, ya sake gina modul ɗin, in OpenZFS ba ta riga ta goyi bayan wannan kanel ɗin ba sai ginin ya faɗi, in kuma tushen manhajar a kan ZFS yake to bayan ristat na'ura ba za ta ga faifanta ba. A kanel 5.0 a 2019 an rufe wasu ƙofofin lissafi da ZFS ke bi, sai da suka nemo wata dabara. Dan haka mai hankali a nan kanel na LTS yake bi, ko Ubuntu da ke haɗo modul ɗin da kanel ɗinta tun 16.04.

A BSD kanel da sauran ginshiƙan manhaja a rumbun kodi ɗaya suke, tare ake fitar da su. FreeBSD na da freebsd-update na yin abdet, ga kuma bectl da ke amfani da ZFS ya ajiye maka tsohuwar manhajar gaba ɗaya kafin abdet, in sabuwar ta ƙi sai ka zaɓi tsohuwar wajen tashi. OpenBSD duk wata shida take fitowa, syspatch na kawo gyaran tsaro tun 2017, tsarin fayil ɗinta FFS2 kuwa ko janal babu, da gangan, sun fi son kodi kaɗan da za su iya karantawa. A Linux openSUSE ce ta fi kusa da abin da bectl ke yi, Snapper na ɗaukar sinafshot na Btrfs kafin da bayan kowane abdet, kana iya tashi daga tsohon ta menun GRUB, manhajar tayar da na'ura. Mai ext4 shi ma GRUB na ajiye masa tsohon kanel, amma kanel ɗin kawai, ba sauran fayilolin da abdet ya taɓa ba.

Akwai kuma facin kanel ba tare da ristat ba, Ksplice ce ta fara tashe Oracle ta saye ta a 2011, Red Hat da SUSE suka fito da kpatch da kGraft a 2014, aka shigar da tushen abin a kanel 4.0 a 2015. Ƙananan ramukan tsaro yake toshewa a sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, da ba a son kashewa, ba ya kai ka sabon kanel.

Lokutan da abin ya ɓaci

Kada a ɗauka tsohon hannu ba ya kuskure. A Disambar 2023 wani gyara da aka dawo da shi kanel 6.1.64 ba tare da ɗan uwansa da ya dogara da shi ba ya jawo haɗarin lalacewar bayanai a ext4, har Debian ta dakatar da fitowar 12.3 ta maye da 12.4. Makonni kaɗan kafin nan OpenZFS 2.2.0 ta fallasa wani tsohon kwaro da ke iya cika sassan fayil da sifili wajen kwafi, aka gyara a 2.2.2 da 2.1.14. Sinafshot ba ya ceton ka in faifan ne ya mutu, shi ya sa masu kula da saba ba sa lissafa shi a matsayin bakof, wato kwafin da aka ajiye a wani wuri daban.

Wani tarkon shi ne sababbin siffofi na kan faifai. Kanel sabo na karanta tsohon tsari, amma tsoho ba lallai ya karanta sabo ba, in ka buga zpool upgrade a ZFS ƙofar ta rufu a bayanka, tsohon kanel ko manhajar tayar da na'ura na iya ƙin buɗe rumbun, dan haka akan jinkirta shi sai an tabbatar ba za a koma baya ba.

Kuma abdet na iya ɗauke tsarin fayil ɗin ɗungurungum. ReiserFS, wanda shi ne mai janal na farko da ya shiga Linux a 2001, an yi masa alamar ritaya a 5.18 aka cire shi a 6.13 a farkon 2025. Bcachefs na Kent Overstreet ko shekara biyu bai cika ba, ya shiga a 6.7 a Janairun 2024, saɓani da Torvalds kan turo sababbin abubuwa a lokacin gwaji ya yi tsanani, aka fitar da shi a 6.18, yanzu masu amfani da shi su ma ta DKMS suke liƙa shi kamar masu ZFS. Tsohon tsarin XFS na v4 shi ma an sa masa wa'adin 2030, duk mai faifan da aka tsara da shi sai ya kwashe ya sake tsarawa da v5 kafin lokacin.