Nas ɗin da ta tayar da majiyyaci ba marar tausayi ba ce

A asibitocinmu, 'yan jinya sukan ce nas ba ta da imani idan ta matsa wa wanda aka yi wa tiyata jiya ya tashi ya taka. A ganinsu, tausayi shi ne a bar shi kwance. Wannan fahimta tana cutar da marasa lafiya sosai.

Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan jinin ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu. Majina kuma ta taru a ƙirji ta zama namoniya. Shi ya sa, in likita ya amince, nas take fara ba majiyyacin maganin rage zafi, ta zaunar da shi a bakin gado har jiri ya lafa, sannan ta riƙe shi ya yi 'yan taku.

Wanda ba ya iya motsi kuwa, juya shi ake yi kusan duk awa 2, ko da yana nishi, don kada gyambon kwanciya ya fito masa. Ana duba kwankwaso, ƙasan baya da diddige. A baƙar fata gyambon kwanciya ba lallai ya fara da ja ba, don haka akan taɓa a ji ko wurin ya yi ɗumi ko tauri. Zanin gado ma dole ya bushe, a miƙe shi sumul, don jiƙaƙƙen zani yana cin fata.