Ba Mao Zedong ne ya fara jagorantar Jam'iyyar Kwaminis ta Sin ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Mao Zedong ne ya kafa Jam'iyyar Kwaminis ta ƙasar Sin, kuma shi ya riƙe ragamarta tun ranar farko. Wannan kuskure ne. A taron kafa jam'iyyar da aka yi a Shanghai cikin watan Yulin 1921, Mao wakili ne kawai daga lardin Hunan, wanda aka zaɓa shugaba kuwa shi ne Chen Duxiu, duk da cewa bai halarci taron ba. Li Dazhao, ɗaya jigon kafa jam'iyyar, shi ne maigidan Mao a ɗakin karatu na Jami'ar Beijing a 1918.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne yawan faɗuwar da Mao ya sha. Bayan boren manoman da ya jagoranta a 1927 ya ci tura, an cire shi daga manyan muƙaman jam'iyya, sannan a taron da jam'iyya ta yi a garin Ningdu a 1932 aka ƙwace ikon soja daga hannunsa, saboda shugabannin da ke bin tsarin Mosko ba su amince da dabarunsa na yaƙin sunƙuru ba. Ko Doguwar Tafiya, wato doguwar janyewar da sojojin kwaminis suka fara a watan Oktoban 1934 don guje wa dakarun gwamnati, ba shi ya tsara ta ba.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a taron da jam'iyya ta yi a garin Zunyi cikin Janairun 1935, amma sai da ya ga bayan abokan hamayya irin su Zhang Guotao da Wang Ming kafin ya zama shugaban kwamitin tsakiya na jam'iyyar a 1945.