Waiwaye: Yadda zaurukan zangon Akra suka koma ɗakunan haya

Duk sanda katafila ta shiga wani tsohon gida a Akra, babban birnin Ghana, sai muhawara ta tashi a rediyo da Facebook. Wasu su ce tarihi ake binnewa, wasu su ce ai kango ne, gara bene mai hawa shida da zai ɗauki iyali talatin. Ana yawan ambaton tsofaffin unguwannin Jamestown da Ussher Town, inda ganuwoyin Turawa suka shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979. Gidajenmu na zango ba kasafai ake sa su a lissafi ba, alhali su ma sun daɗe suna zagwanyewa, tun kafin a haifi masu sayar da su yau.

Farkon labarin sananne ne. Turawan Ingila sun kawo sojojin Hausa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, aka mayar da babban birni daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, yaƙin basasar garin Salaga, a arewacin Ghana, na 1892 ya watso fataken goro zuwa kudu. Zango ya kafu a tsakiyar gari, ya cika, Malam Bako ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1912 a ƙasar mutanen Ga, 'yan asalin Akra. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sauka a Nima, wadda yau unguwa ce a Akra, da shanunsa. Magabatan nan sun yi gini irin wanda suka baro a arewa gwargwadon abin da ƙasar bakin teku ta yarda: katangar laka mai kauri, zaure a bakin ƙofa, tsakar gida mai faɗi, sai dai rufin kwano a maimakon soro.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne daren Alhamis, 22 ga Yuni, 1939. Tsakanin magariba da lisha ƙasa ta girgiza a Akra, da ƙarfin da aka ƙiyasta kusan 6.5 a ma'aunin girgizar ƙasa. Mutum 17 suka rasu, sama da 130 suka jikkata, gidaje masu yawa suka tsage ko suka zube. Kakata tana yarinya a lokacin. Har ta koma ga Allah ba ta daina ba mu labarin yadda tukwane suka riƙa karo da juna ba, da yadda suka yi kwanaki suna kwana a fili kan tabarma, kowa na tsoron shiga ɗaki. Ita Ankara take ce wa garin, kamar sauran tsofaffinmu.

Bayan girgizar an gina sababbin rukunin gidaje a wurare irin su Korle Gonno da Mamprobi da Kaneshie don waɗanda suka rasa matsuguni. Na siminti ne, a jere, da tituna. Daga nan idon mutane ya sauya. Wanda ya ga katangarsa ta laka ta dare, ya kuma ga sabon gidan bulo, sai ya fara kallon gidan ubansa a matsayin wurin zaman wucin gadi kafin Allah ya hore. Yaɓen da ake yi wa katanga kafin damina, wanda shi ne ran ginin ƙasa, ya fara zama aikin da ake jin nauyin a gan ka kana yi.

Mako goma kacal bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Kayan gini da ake shigowa da su ta jirgin ruwa suka yi wuya, ga baƙi suna kwararowa neman aiki a sansanonin soja da ke kusa da Nima. Mutanen Akra kimanin dubu 60 ne a 1931. A 1948 sun haura dubu 130, a 1960 sun wuce dubu 330. Gari ya rasa ɗakuna a daidai lokacin da ya fi bukatarsu, kuma Bahaushe ba ya korar baƙo. Mai gida a zango dama shi ne mai masauki, yana sauke fatake ya yi musu dillanci. Sannu a hankali masauki ya koma haya. Aka datse tsakar gida aka fitar da ɗaki biyu, aka jingina wani a bayan katanga da katako da langa-langa. Daga ƙarshe aka zo kan zaure, inda malam yake karantar da yara, inda ake ɗaurin aure da sulhu. Aka toshe ƙofarsa ta ciki, aka sa masa kwaɗo, aka ba ɗan haya.

A gidan kakanmu na ga ƙarshen wannan da idona. Katangar gaba ta kai kamu ɗaya a kauri, da azahar ka jingina da ita sai ka ji sanyi a bayanka. Wani daga cikin iyayenmu, da kyakkyawar niyya, ya sa aka shafe ta da siminti don ta yi kama da ta maƙwabta. Siminti ba ya barin laka ta sha iska. Damshi ya taru a ciki shekara da shekaru, wata damina filastar ta ɓallo faifai guda, ƙasar da ke bayanta ta zama kamar kunu.

Sai kuma gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina yau na jikoki arba'in ne, wasu a Kumasi, wasu a Jamus da Amurka. An raba ɗakuna, kowa yana karɓar kuɗin hayar nasa, amma rufi da magudanar ruwa da katangar waje ba su faɗo a rabon kowa ba. In kwano ya yi yoyo a kan ɗakin Inna, ita za ta tara bokiti. Ranar da mai kuɗi ya zo da tayi, da wuya a samu wanda zai ce a'a, domin kuɗi suna rabuwa arba'in, zaure ba ya rabuwa.

Namu zauren yanzu shagon cajin waya ne. Ƙofar katakon da kakanmu ya sa tana nan, da ƙusoshinta masu faɗin kai, kuma a saman dogarin ƙofa ana iya ganin gurbin da ake rataye allunan yara. Bayan sallar layya magada za su zauna a kan tayin da aka kawo, ni ma an ce in zo.