Siyasar ubangida: me ake nufi da ita a zangonninmu?

In kana zama bes ɗin ataya a Aboabo ko Asawase a Kumasi ta Ghana lokacin zaɓe, ba za ka rasa jin ana cewa "ai wane yaron wane ne" ko "ubangidansa ne ya tsaya masa" ba. To ita ce siyasar ubangida, wato mai kuɗi ko mai muƙami ya tara mutane ƙarƙashinsa yana musu hidima, su kuma su biya shi da biyayya da ƙuri'a, wani lokaci har da ƙarfin jikinsu. Ba a rubuta komai a takarda amma kowa ya san bashin da ake binsa.

Asalin abin ba mummuna ba ne fa. Zamanin fataucin goro da shanu, baƙo in ya sauka Kumasi daga arewa gidan maigida yake nufa, shi zai ba shi masauki ya nemo masa mai saye ya tsaya masa in rigima ta taso, ya ɗauki la'adarsa. Amma baƙon nan da dukiyarsa ya zo, in bai ji daɗi ba baɗi sai ya sauka wani gida. Ubangidan siyasa kuwa babban aikinsa shi ne ya tabbata ba ka da inda za ka.

Zai biya maka kuɗin asibiti, ya aiko shinkafa da sukari da azumi, ya zo suna ya zo jana'iza ya miƙa ambulan a gaban jama'a yadda kowa zai gani, amma ka ce ya ba ka jari ko ya samo maka aikin da albashinsa ba ya bi ta hannunsa sai ka ji "bari a gama zaɓe tukuna". Abin da zai ba ka na sati ɗaya ne, don ka dawo. Kuma ba ya yarda yaransa su haɗa kai, yau ya jawo wannan a jiki gobe ya share shi ya ɗauko abokinsa, sai ka ga samarin da suka tashi layi ɗaya sun koma gasar kai masa gulmar juna. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai. Sannan duk mai son ganin minista ko ɗan majalisa sai ta ƙofarsa, ko fom ɗin shiga aikin soja ne.

Gwamnati ma ta san wannan dabarar tun tuni. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar zuwa Najeriya, manyan zangon Kumasi ne da ke ɓangaren adawa, daga baya sarautar zango ta koma hannun mai goyon bayan CPP, jam'iyyar Nkrumah. An cire kai, sauran jama'a sai suka fahimci saƙon.

Inda abin ya fi muni shi ne in aka mai da samari 'yan tsaron jam'iyya, irin su Delta Force da Invisible Forces da Azorka Boys da Hawks, kowane ɓangare da nasa. Bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 majalisa ta yi dokar hana irin waɗannan ƙungiyoyi, mai kafa su zai iya shan ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Amma ran da rigima ta tashi yaron ne a kan titi da ciwo a jikinsa, mai ba da kuɗin mai yana gidansa.

Ubangida ma yana da abin tsoro, wato deliget, wakilan da ke zaɓen shugabanni da 'yan takarar jam'iyya. Marigayi Sir John da ya faɗi zaɓen babban sakataren jam'iyyar NPP a Tamale a 2014 shi ya ce a ji tsoron deliget, maganar ta bi gari har yau. Mutum zai karɓi kuɗinka ya sa rigarka ya yi maka kirari, ya shiga lungun zaɓe ya dangwala wa wani. Shi ya sa za ka ji wasu 'yan takara na sa mutane rantsuwa kafin su ba su kuɗi, wasu kuma su ce sai ka ɗauko hoton takardar ƙuri'arka da waya kafin a cika maka sauran.